Lektin ɗin DBA na kamfanin Vector: na gwada shi a mahaifar ɓeraye

Duk mai binciken garkuwar jiki a mahaifar ƙananan ɓerayen ɗakin gwaji, ina ba shi shawarar lektin ɗin DBA mai biyotin na kamfanin Vector Laboratories. Lektin furotin ne mai manne wa sukari, biyotin kuma alama ce da aka liƙa masa don a gane inda ya manne. Da shi na yi aikin digirina na biyu, kuma ban yi asarar kuɗina ba.

Abin da nake nema shi ne ƙwayoyin NK, wato wani nau'in ƙwayoyin garkuwar jiki, da ke cika bangon mahaifa da zarar ciki ya kama. Daga 'ya'yan wani wake mai suna Dolichos biflorus ake ciro lektin ɗin, yana kuma manne wa wani sukari mai suna GalNAc da ke jikin waɗannan ƙwayoyi. A 2003 ne rukunin Yamada a Brazil suka nuna amfaninsa ga wannan aiki. A yankan naman da na gyara da fomalin na saka a farafin, ƙwayoyin sun fito raɗau, ruwan ƙasa, har mutum ya ƙirga su ba tare da ya wahalar da ido ba. A rana ta 6 ta ciki 'yan kaɗan ne, wajen rana ta 10 sun yi cincirindo, daga nan sai su dinga raguwa har haihuwa a kusan rana ta 20.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yawaitarsu ke bin firojestaron, sinadarin da ke riƙe ciki, alhali ƙwayoyin NK ɗin ba su da makarɓinsa, wato abin jin saƙonsa. Ƙwayoyin naman mahaifa ne ke jin saƙon, su fitar da wani furotin mai suna IL-15, su kuma NK su yawaita su taimaka wajen buɗe jijiyoyin da ke kai wa ɗan tayi jini. Na sha karanta wannan, amma ganinsa a madubin likita daban ne.

Sai dai a kula. DBA ba ya kama dukkan NK na mahaifa. Akwai waɗanda wani rini mai suna PAS ke nunawa shi kuma ya tsallake su, don haka a yi duka biyun a yanka na kusa da juna. Yana kuma rina bangon wasu jijiyoyin jini, wanda kan ruɗi sabon shiga. Mai son ganin aikin sinadarin mata na istirojin a ɓeran da ba ta da ciki, misali yadda yake jawo fararen ƙwayoyin jini na iyosinofil, wannan ba kayansa ba ne. Masu manyan ɓerayen Wistar ma sun fi dogara da rinin fafurin, wani furotin da ke cikin ƙwayoyin NK.

Wahalar da na sha ta dillalin da ya kawo min ce: kwalbar farko ta iso ƙanƙararta ta narke, sai da na matsa ya sauya. Lektin ɗin yana son sanyin digiri 2 zuwa 8, don haka a tanadi firjin da ke kan sola kafin a yi oda. A kuma haɗa da sukarin GalNAc a odar, a jiƙa lektin ɗin da shi a yanka ɗaya. Idan launin ya ɓace, abin da aka gani a sauran gaskiya ne.