Matatar hayaƙi ta CRT: tana aiki sosai, amma ba kowace motar tashar jiragen ruwa za ta karɓe ta ba

Kamfanin Johnson Matthey na Ingila ne ya ƙera matatar da ake kira CRT, kuma tana cikin waɗanda suka fi daɗewa a kasuwa wajen tace hayaƙin tsofaffin injinan dizal. A gurbin tukunyar salansa ake ɗaura ta, a tirela ko motar ɗaga kwantena ko janaretan injin loda kaya. Hukuncinmu a kanta shi ne kaya ce mai kyau, sai dai a aikin tashar jiragen ruwa man da ake zubawa da yadda motar ke wuni su za su nuna ko kuɗin ya tafi a banza.

Gida biyu ne cikin gwangwani ɗaya na ƙarfe. Na gaba an shafe shi da filatinam, shi ke ƙone iskar guba da ragowar man da bai ƙone ba, ya kuma mayar da wani ɓangare na iskar NO da ke cikin hayaƙin zuwa wata iskar mai suna NO2. Na baya tangaran ne mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, an toshe bakin wannan rami ta gaba, na kusa da shi ta baya. Hayaƙi ba shi da mafita sai ya ratsa bangon tangaran ɗin, baƙin garin ya maƙale a ciki. Iskar shaƙa ba ta cin wannan baƙi sai zafi ya kai wajen digiri 600, ita kuwa NO2 tana cinye shi tun daga wajen digiri 250. Shi ya sa matatar ke share kanta alhali mota na tafiya, ba wayar lantarki, ba fesa ƙarin mai.

Idan komai ya daidaita, sakamakon abin yabawa ne. Hukumar kula da iska ta jihar Kalifoniya ba ta sa matata a mataki na uku, wato mafi girma, sai ta rage aƙalla kashi 85 cikin ɗari na ƙurar hayaƙi, kuma irin wannan matata tana wuce haka. Farin ƙyalle ma idan aka goga a bakin bututun da kyar zai yi dauɗa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga direba da yaron mota da masu sayar da abinci a bakin get, tunda a 2012 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin dizal cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa. Tashoshin Los Anjeles da Long Beach sun bi ta wannan hanya da doka: a 2008 suka hana motocin da aka ƙera kafin 1989 shiga, a 2012 kuma suka rufe ƙofa ga duk wadda ba ta cika ƙa'idar injin 2007 ba, wato injinan da ke fitowa da matata tun daga kamfani.

Amma Amurka ta fara gyara mai tukuna. Tun 2006 ta fara komawa dizal ɗin mota da bai wuce kashi 15 cikin miliyan na farar wuta ba. Farar wuta ita ce babbar abokiyar gabar wannan na'ura: tana lulluɓe filatinam ɗin ya daina samar da NO2, baƙi ya taru, matata ta toshe. Ghana ta koma kashi 50 cikin miliyan a 2017, ƙasashen ECOWAS ma sun amince da wannan adadi a 2020, amma Najeriya ta shafe shekaru ƙa'idarta na kan 3,000. Kashi 50 shi ne iyakar abin da matatar ke iya jurewa. Don haka mai motar da ke lodi a tashar Tema ta Ghana ya fi samun sauƙi, shi kuwa wanda direbansa ke sayen gas a jarka a gefen hanya tsakanin Legas da Kano, ko wanda aka gauraya da kananzir, kada ma ya soma.

Matsala ta biyu ita ce zafi, kuma a nan muka fi so mai karatu ya tsaya. Motar da ta ɗauko kwantena mai ƙafa 40 daga tashar Apapa ta Legas ta miƙe hanyar Arewa, ko daga Lome zuwa Yamai, hayaƙinta na zama da zafi awa da awanni, matata na share kanta. Wadda ke kwana a layi a Ijora ko hanyar Tin Can, inji na silo, ta matsa taku goma ta tsaya, hayaƙinta ba ya kai ko kusa da digiri 250. Baƙi na ta taruwa ba ya ƙonewa. Ranar da aka samu hanya aka taka mota da kaya, abin da ya taru sai ya kama gaba ɗaya, zafin ya tsaga tangaran ko ya narkar da shi. Kuma tsagaggiyar matata ba ta gyaruwa. Saboda haka kafin a biya ko kwabo, a huda bututun hayaƙi daidai inda za a ɗaura ta, a sa ma'aunin zafi mai ajiye bayani, motar ta yi aikinta na yau da kullum na wasu kwanaki. Idan hayaƙin bai wuce wannan zafi ba a kaso mai kauri na lokacin aiki, CRT ba ta motar ba ce. Kamfanin yana da wata mai suna CCRT, wadda aka shafe tangaran ɗin kansa da irin sinadarin gidan gaba, tana aiki a zafi ƙasa da haka. Motar da ba ta fita daga cikin tasha kuwa, gara mata irin matatar da ake jona wa lantarki da dare ta ƙone baƙin.

Dillalin da ya yarda ya sayar ba tare da wannan gwaji ba, a guje shi.

Lafiyar inji ma sharaɗi ce. Nozul mai zubar da mai, tobo mai yoyo, ringi da ya ci, duk sai an gyara kafin a ɗaura, domin matata ba ta maganin injin da ke shan baƙin mai. Wajen juye a yi amfani da mai ƙarancin toka, CJ-4 ko CK-4. Tokar baƙin mai ba ta ƙonewa ko kaɗan, taruwa take yi a ƙarshen ramukan, sai an kwance matatar an gasa ta a murhu na musamman an hure da iska mai ƙarfi, galibi sau ɗaya a shekara. Kada a kai ta wajen wankin mota a watsa mata ruwa, kada a bubbuga ta a ƙasa, kuma a sa alamar gaba da baya kafin a kwance. Gejin matsin hayaƙi da fitilarsa a gaban direba dole ne. Fitila ta kama, a nemi bakanike a ranar. Abin takaici, da yawa sanda ake sa wa a farfasa cikin, a mayar da gwangwanin fanko, hayaƙi ya koma huhun mutane.

Akwai abin da ba ta yi. Ba ta rage jimillar iskar NOx, wato NO da NO2 a haɗe, har takan ƙara kason NO2 a abin da ke fita, wanda ke damun masu asma. Mai son maganin wannan sai ya haɗa da na'urar SCR mai shan ruwan AdBlue, shi kuma ruwan zafin rana na lalata shi, a inuwa ake ajiye shi.

Ga kamfanin da ke da tankin gas nasa mai tsabta, da motocin dogon zango, da gareji mai rubuta ranar kowane juye, muna ba da shawarar a saya. Motocin jigila tsakanin tasha da wurin ajiye kwantena su fara da kashe inji a layi, domin babbar mota na shan kusan lita 3 a kowace awa tana tsaye tana silo.