Dikodar TNT mai naɗar shiri: hoto tas, amma ta ba ni kunya ranar takobi

Ga masu tambayata ko su sayi ƙaramar dikodar nan ta TNT (sabon tsarin tele na dijital da ake kamawa da eriya), baƙar nan mai ramin kilen USB a gaba wadda ta cika shagunan kayan wuta na kasuwar Dole: in kallo kawai kake so, saya, ba za ka yi da-na-sani ba. In kuwa don naɗar shiri ne, abin da aka rubuta da manyan baƙaƙe a jikin kwalinta, to dakata ka ji abin da ta yi mini.

Hoto kam ya yi. Tsohuwar telen gidanmu a Birni, wadda muka saba kallon Télé Sahel a cikinta da yayyafi da inuwar mutum biyu-biyu, ranar da aka haɗa mata dikodar nan sai ka ce sabuwa aka kawo. Har rubutun da ke gudu a ƙasan allo lokacin labarai Baba yana karantawa daga kan tabarmarsa. Babu biyan wata irin na parabol, eriyar kan soro ce dai, a juya ta ta fuskanci inda ake watsowa, shi ke nan. Tun 2006 aka yi yarjejeniya a Janeba cewa ƙasashe su bar tsohon tsarin watsa hoto kafin 17 ga Yuni 2015, mu dai a nan Damagaram mun daɗe muna jin zancen a rediyo kafin mu ga amfaninsa a ɗakunanmu. Abu guda, ka duba kwali ka ga an rubuta DVB-T2. Akwai tsofaffin da ake kawowa daga Turai marasa 2 ɗin nan, ba sa kama namu.

Amma ni ba don hoto na saye ta ba. Don Baba na saya.

Baba mutumin kokowa ne na gidi. Tun zamanin Kantu na Maradi, wanda ya ɗauki takobin farko na gasar kokowa ta ƙasa a Tawa a 1975, yake bin wasan nan. Jihohi takwas, kowace da ƴan kokowa goma, amma ba a kwana uku da buɗewa sai ya san kamun kowa, ya san wanda ke da ƙafa da wanda ƙarfin ƙirji kawai gare shi. In an kawo gasar filin kokowa na Langa-Langa a nan Damagaram ba a ganinsa a gida. In a wata jiha ake yi, to tele ta zama tasa har a rufe. Yanzu ga tsufa, wani lokaci barci ya ɗauke shi ana tsakiyar wasa, ya farka yana tambaya wa ya yi kaye. Shi ya sa da mai shago ya ce mini wannan tana naɗa, har ka sa mata lokaci ta tashi da kanta ta yi aikinta, ban ko yi ciniki sosai ba.

Kuma ta yi ta yi. Na gwada da labaran dare, na gwada da wasannin farko, duk ta naɗa lafiya lau. Sai daren jajibirin wasan ƙarshe aka bugo waya an yi mana rasuwa a Magarya. Da asuba Baba da Inna za su kama hanya. Yana sa takalmi ya juyo ya ce, "Ka ce akwatin nan naka yana riƙe shiri ko?" Na ce, "Yana riƙewa, Baba." Ya ce, "To ka riƙe mini, tun daga fitowar makaɗa har a miƙa takobi." Na ce in sha Allahu.

Na sa sabon kile, na bar dikodar ta share shi da kanta yadda takardarta ta ce, na duba agogonta yana daidai da namu, na sa mata lokaci da rata gaba da baya. Maiɗakina ta tafi gidansu da yara, ni ma dole in buɗe shago, aka kulle gida. Bayan la'asar wuta ta ɗauke a unguwarmu. Maƙwabcina ya ce ko shayin da ya ɗora bai tafasa ba aka maido ta. To wannan ɗan ƙiftawar ita ta kashe komai. Da wuta ta dawo, dikodar ba ta tashi ba. Ta kunna jar fitilarta ta zauna tana jiran a zo a danna mata telekomand, a gidan da babu kowa. Haka na tarar da ita da dare.

Na ce to, ko abin da ta naɗa kafin ɗaukewar ai yana nan. Na shiga na ga sunan tasha da kwanan wata, na danna, allo ya yi baƙi, ta rubuta da Faransanci wai ba ta gane fayil ɗin ba. Fayil ɗin da ita da kanta ta rubuta! Washegari na kai kilen wajen yaran nan masu tura fina-finai a waya. Ɗaya ya buɗe a kwamfuta, ya yi mini bayani cewa in wuta ta yanke tana cikin rubutu ba ta samun damar rufe fayil, shi ya sa take ƙin karanta shi. Ya ceto abin da ya cetu: makaɗa, kirari, jawabai, da farkon karawar neman matsayi na uku. Daidai inda aka fara kamun gaske, nan ya tsaya.

Baba ya dawo ya riga ya san wanda ya ci, wa zai ɓoye wannan a ƙasar nan, ko a tasha rediyo ya faɗa masa. Kayen yake so ya gani da idonsa. Kuma tun a hanya ya gaya wa abokansa na majalisa su zo bayan isha'i a kalla tare, ɗansa ya riƙe masa. Suka zo, aka shimfiɗa tabarmi, aka kawo goro. Na tsuguna na gaya masa. Ƙarshenta wani guntun bidiyo da ke yawo a WhatsApp na nuna musu, wanda wani ya ɗauka daga nesa hannunsa na rawa, dattawa suka haɗa kai a kan wayata ɗaya suna miƙa wa juna. Baba bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Ba komai, Allah ya kai mu baɗi." Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Mutumin da ya haura saba'in yana ce maka Allah ya kai mu baɗi, kai ka san nauyin maganar.

Ba ɗaukewar wuta nake jin haushi ba, wannan duk mun saba, kowa ya san halin da ake ciki, balle lokacin zafi. Haushina na wanda ya ƙera na'ura ya turo ta ƙasar da ake ɗauke wuta, bai sa mata ta tashi ta ci gaba daga inda ta tsaya ba. Na bi menu ɗinta layi-layi, babu wurin da za ka ce mata in wuta ta dawo ki kunna kanki. Na koma wa mai shago, ya saurare ni sarai sannan ya ce, "Alhaji, wannan ai matsalar kuran ce, ba ta dikoda ba." Na ce, "Malam, da za ka sayar mini ai ba ka ce sai mai kuran na dindindin ba." Ya yi shiru, ya ce kaya in sun fita ba sa dawowa.

Da zuciya ta huce, wani mai gyara ya duba ya ga wutar batir take ci, volt 12, ya haɗa mini ita da batirin solar da muke kunna fitilu. Tun daga nan ba ta sake yanke naɗi ba, gaskiya ɗaya ce. Kuma akwai abin da take yi da ban san zan so shi haka ba: tsayar da shiri ana cikin watsawa. A kira salla ka danna, ka je masallaci ka dawo, ka ci gaba daga inda ka bari. Inna ta fi kowa morar wannan. Labaran Hausa ba sa wuce ta yanzu ko tana madafa, da azumi kuma tafsiri take sa a naɗa mata ta saurara bayan ta gama aikin buɗa-baki. Ranar da na ga tana danna telekomand da kanta na ce to, kuɗin bai tafi a banza ba.

Sai dai ko yanzu ba ta rasa abin ɓata rai. Iskar hunturu ta ɗan karkata eriya, a da yayyafi ne zai ƙaru ka ci gaba da kallo a haka, yanzu hoto ne zai farfashe gida-gida, murya ta sarƙe, sannan ya tsaya cak, kuma haka za ta naɗa maka shi da farfashewarsa. Tana naɗa wata tasha ba kowace za ta bar ka ka juya ka kalla ba. Shiri in ya yi tsawo sai ta yanka shi kashi-kashi, Baba ya yi ta neman ci gaban. Kile yana zafi har ka ji tsoron taɓa shi, na farkon ma bai daɗe ba ya mutu. In na haɗa kuɗin mai gyara da waya da sabon kile, sun kusa kamo kuɗin dikodar kanta, kuma babu ko ɗaya da aka gaya mini a shago. Duk lokacin da na tuna haka sai ran nan ya dawo mini sabo.

In ka je saye, kada ka tsaya kallon hoto, duk suna da hoto. Ka tafi da kilenka, ka sa mai shago ya fara naɗa, sannan ka ce ya zare wayar wuta a gabanka ya mayar. Ka ga ko za ta tashi da kanta, ka ga ko abin da ta naɗa zai buɗe. In ya ƙi gwadawa, ka wuce shago na gaba. Ni kam takobin bana, da batir da komai, na riga na gaya wa ƙanena shi zai zauna shago ranar wasan ƙarshe.