Phoenix Rising ko Eternal, wanne za ka fara sakawa?

A 1998 mawaƙan Amurka The Temptations suka fitar da kundin waƙoƙinsu Phoenix Rising a kamfanin Motown, lokacin Otis Williams kaɗai ya rage cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar. Waƙar "Stay" ta aro kiɗan tsohuwar waƙarsu "My Girl" ta 1964, kana jin farkonta ka gane gida. Muryoyi biyar ne, kowa yana ba ɗan'uwansa hanya, ba mai danne wani.

Kundin Eternal na mawaƙan Amurka The Isley Brothers, wanda ya fito a 2001, ya bi wata hanyar. Ronald Isley ke jan ragama, jitar ƙanensa Ernie tana kuka a bayansa, waƙar "Contagious" kuma ta ja hankalin matasa. Sai dai amshin ya yi ƙaranci. Ni kam da daddare Phoenix Rising nake sakawa.