Gargaɗi: masu rufe tsatsar gindin bel da fila su sayar maka da mota

Jama'a, a yi hattara da wani algus da ake yi wa masu sayen tsofaffin motoci, algus ɗin da ba ya tonuwa sai ranar da aka yi haɗari. Mota za ta kwana biyu, tsatsa ta cinye ƙarfen da aka ɗaure bel ɗin kujera a jikinsa. Maimakon a yanke ruɓaɓɓen wurin a sa sabon ƙarfe, sai mai motar ko dillalinsa ya kai ta wurin mai gyaran bodi, a cike ramin da fila, wato kwaɓin nan da ake shafe lotsawar bodi da shi, a goge, a fesa fenti, a bi ƙarƙashin motar da baƙin fentin nan mai kauri, a mayar da kafet a rufe. Kai kuma ka zo ka zagaya mota ka ga tana sheƙi, ka ja bel ka ji ya kama, ka biya kuɗinka. Alhali bel ɗin da ka saya ba shi da gindi.

Abin da ya sa wannan ha'inci ya fi ɗaga mini hankali a kan sauran rufa-rufar da ake yi a cinikin mota shi ne, idan aka ɓoye maka matsalar inji ko giya, motar da kanta za ta tona asiri cikin 'yan makonni, ka yi asarar dukiya ka gyara. Gindin bel kuwa ba ya ƙara, ba ya ɗiga, babu fitilar da ke kunnuwa a gaban direba saboda shi. Aikinsa na daƙiƙa ɗaya ne a duk rayuwar motar, kuma a wannan daƙiƙar babu damar gyara.

Bel ɗin da muka sani, mai ratsa kafaɗa da ƙugu, injiniya Nils Bohlin na kamfanin Volvo ne ya ƙirƙiro shi, aka fara sa shi a motoci a 1959. Wurare uku yake riƙe da jikin mota. Ɗaya a saman ginshiƙin da ke tsakanin ƙofar gaba da ta baya, daidai kafaɗa. Ɗaya a ƙasan ginshiƙin, kusa da dokin ƙofa, inda na'urar da ke naɗe bel ɗin take zaune a yawancin motoci. Na ukun shi ne wanda ake soka bakin bel ɗin a ciki, ko dai an ɗaure shi a daɓen motar ko a jikin kujerar. Idan a jikin kujera yake, to notikan da ke riƙe da kujerar su ma sun zama gindin bel ke nan. Na kujerun baya kuwa suna ƙarƙashin katifar kujera, wasu kuma a jikin kwarmin taya, wurin da taya ke watsa wa ruwa da laka kullum. Nan ne tsatsa ta fi yin ɓarna.

Ƙarfin da ake so waɗannan wurare su ɗauka ba na wasa ba ne. Ƙa'ida mai lamba 14 ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan gindin bel ta ce a gwada shi da jan da ya kai nauyin kilo 1,350 ko sama da haka kaɗan a ɓangaren kafaɗa, da irinsa a ɓangaren ƙugu, a lokaci guda. A Amurka ƙa'idarsu mai lamba 210 ta sa nauyin fam 3,000 na awo, kusan daidai da wancan, a kowane ɓangare. Dalilin kuwa a fili yake: motar da ta daki bango tana gudun kilomita 50 a awa, wanda ke ciki tamkar ya faɗo ne daga tsayin kusan mita 10. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaura bel na iya rage haɗarin mutuwa da kusan rabi, amma wannan lissafi na bel ne da ke manne da lafiyayyen ƙarfe. Fila ba ta ɗaukar ko ɗan kason wannan nauyi. An yi ta ne don gyara fuskar bodi ta yi sumul kafin fenti, shi ke nan.

Saboda haka kada fizgar nan da dillali ke yi a gabanka ta ruɗe ka. Zai kama bel ya fizga da ƙarfi, bel ya ƙulle, ya ce maka ka gani, garau yake. Abin da ya nuna maka shi ne na'urar ƙullewa tana aiki. Hannun mutum ba ya samar da ko kusa da ƙarfin da haɗari ke kawowa, noti kuwa ko a jikin ruɓaɓɓen ƙarfe yake zai jure fizgar hannu.

Tsatsar wannan wuri daga ciki take farawa, shi ya sa ɓoye ta ke da sauƙi. Dokin ƙofa da ginshiƙi ƙarafa ne masu rami a ciki, kamfani ya bar musu ƙananan ƙofofi a ƙasa don ruwa ya riƙa fita. Idan laka ta toshe ƙofofin, ruwan sai ya kwanta. Haka idan robar ƙofa ta tsufa, ko bututun ruwan na'urar sanyaya mota ya toshe, ruwa ya bi ƙarƙashin kafet, soson da ke ƙasansa ya sha ya riƙe, daɓen ya yi wata da watanni bai bushe ba. Motar da ta taɓa nutsewa a ambaliya, da wadda ta zauna a bakin teku, da wadda ta yi shekaru a ƙasashen da ake zuba wa tituna gishiri lokacin ƙanƙara, su ne suka fi kamuwa. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi kumbura, don haka takan ɗago fenti ya yi ƙuraje. Kafin ka ga ƙurajen nan a waje, ciki ya riga ya yi nisa.

Ba masu sayarwa kaɗai ke wannan cuta ba. Akwai masu gyaran da za ka kai wa taka motar da kanka, ka nuna musu wurin, su karɓi kuɗin aikin ƙwarai su yi maka na jeka-na-yi-ka. Wani zai yanko guntun gwangwani ya ɗora a kan ramin ya kama shi da ribit ko ƙananan sukurori, ya shafe da fila. Wani zai ɗiga walda a kusurwa huɗu ya ce ya gama. Wani zai nemo babbar washa ya sa a bayan notin, a kan daɓen da ya riga ya zama garin tsatsa, yana cewa ai yanzu ya fi na kamfani ƙarfi. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai ƙona notin da walda a jikin ruɓaɓɓen wurin, domin daga sama sai ka ga abu ya kafu daram, alhali zafin waldar ya ƙara cinye ɗan ƙarfen da ya rage. Kuma sau da yawa idan notin asali ya karye wajen kwancewa, sai a ɗauko kowane irin noti daga tarkace a cusa. Notin bel na musamman ne, ƙarfensa mai tauri ne, kuma a motoci da yawa zarensa na inci ne, 7/16 mai sirirrin zare, ko da sauran notikan motar na milimita ne. Idan aka tilasta wanda ba nasa ba, zaren ramin ya lalace, noti na zaune amma ba ya riƙe da komai.

Sai kuma 'yan kasuwar intanet masu tallan ruwan da wai yana mayar da tsatsa ƙarfe. Za ka ga bidiyo an fesa a kan jan ƙarfe, cikin ɗan lokaci ya koma baƙi wuluk, mai talla na cewa ba sai ka je wurin mai walda ba. Ruwan nan akwai shi, yana kuma da amfaninsa: sinadari ne mai tsami da ke haɗuwa da tsatsar da ke sama ya mayar da ita baƙin ɓawo, ya rage mata gudu kafin a yi fenti. Ƙaryar tana cikin alkawarin. Ƙarfen da tsatsa ta riga ta cinye ya tafi, babu ruwan da zai dawo da kaurinsa. Wanda ya ce maka ka fesa a gindin bel ɗin da ya huje ka ci gaba da ɗaukar iyalinka, ba ruwansa da ranka.

A Birtaniya, wurin binciken lafiyar mota na shekara-shekara da ake kira MOT, idan tsatsa ta raunana ƙarfe mai ɗaukar nauyi a cikin santimita 30 daga gindin bel, motar ta faɗi. Kuma ba sa karɓar faci da fila ko gam a irin wannan wuri. Facin ƙarfe sai an yi masa walda a zagaye gaba ɗaya ba yankewa. Ko ba a can kake ba, wannan ma'auni ne mai kyau da za ka riƙe. Kada ka tsaya kan notin kaɗai, duba taƙi guda da ɗan ƙari a kewayensa ta kowace fuska.

Idan za ka duba mota, je da tocila, da ɗan maganaɗisu, da sukundireba. Ɗaga kafet a gefen kujera, cire robar da ke rufe ƙasan ginshiƙi, ɗaga katifar kujerar baya. Taɓa soson ƙarƙashi ka ji ko da danshi, ka kuma shaƙa, domin warin rima ba ya ɓoyuwa. Bi kewayen notin da maganaɗisu: inda ƙarfe ne zai manne, inda fila ta yi kauri zai saki ko kamunsa ya yi rauni. Danna wurin da babban yatsa, sannan ka ƙwanƙwasa a hankali da gindin sukundireba. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara mai kaifi, fila da tsatsa kuwa sautinsu a dushe yake, wani lokaci har ka ji garin tsatsa na zuba a cikin dokin ƙofa. Daga nan a ɗaga motar ko a hau da ita kan rami, ka nemo bayan wurin da notin ya fito. Abin da ya kamata ya tsayar da kai shi ne sabon baƙin fenti mai ƙyalli a wuri ɗaya ko biyu, alhali sauran ƙarƙashin motar ya yi ƙura ya tsufa. Tambayi abin da aka rufe. Kwatanta hagu da dama ma yana taimakawa, domin kamfani iri ɗaya yake yin su; idan gefe guda yana da layukan haɗin ƙarfe a fili, ɗayan kuma ya yi sumul ba layi, an shafe wani abu.

Za ka ji maganganu iri-iri. Wai tsatsar sama ce kawai. Wai duk tsohuwar mota haka take. Wai fentin nan na kariya ne aka yi mata don ƙauna. Wai cire roba zai karya maƙalanta, ko kuma akwai wani mai saye yana hanya, ka yanke shawara yanzu. Mai gaskiya ba ya jin tsoron a ɗaga kafet. Wanda ya hana ka dubawa yana so ne ku yi cinikin biri a sama, ka bar masa motarsa komai kyanta.

Ba kuma ina cewa duk jan da ka gani a kan noti ya zama dalilin gudu ba. Akwai tsatsar fuska ta gaskiya, wadda idan ka goge da burushin ƙarfe sai farin ƙarfe mai kauri ya bayyana, ba rami ba lanƙwasa. Wannan a goge ta tas, a shafa maganin tsatsa, a yi fentin share fage da na sama, a buɗe ƙofofin ruwa, a gano inda ruwan ke shigowa a toshe. Amma da zarar ƙarfen ya fara ɓarewa falle-falle, ko bakin sukundireba ya shige, ko wurin ya motsa da ka danna, magana ta koma ta yanka da walda. A yanke har sai an isa lafiyayyen ƙarfe, a sa sabo mai kaurin na asali, a dawo da farantin ƙarfafawa da ke bayan notin yadda kamfani ya yi, a zagaye da walda, a shafe ciki da waje da abin kariya. Ka ce wa mai gyaran kana so ka ga aikin da idonka kafin a yi fenti, ka kuma ɗauki hoto. Mai waldar da ya san aikinsa zai yi murna da wannan. A motocin da ke da jakar iska, a tabbata an cire batir an kuma kwance na'urar bel ɗin kafin wuta ta kusanci wurin, saboda a cikin da yawansu akwai ɗan abin fashewa da ke tsuke bel lokacin haɗari. A duba igiyar bel ɗin ita ma. Idan ta tsattsage, ko tartsatsin walda ya ƙona ta, ko motar ta taɓa yin mummunan haɗari da wani a ɗaure, a sauya ta gaba ɗaya, ba a ɗinke ta.

Wanda kuma ya riga ya saya ya zo ya tarar da wannan aika-aika, kada kowa ya sake zama a kujerar nan sai an gyara, musamman kujerar yara da ake ɗaurewa da bel ɗin baya. Ka ɗauki hotunan wurin kafin kowa ya taɓa, ka ajiye takardar ciniki da saƙonnin da kuka yi da mai sayarwa, ka sa wani makaniki daban wanda ba shi da alaƙa da shi ya rubuta abin da ya gani, sannan ka kai ƙara ga hukumar kare haƙƙin masu saye ko ta kula da lafiyar motoci a inda kake. Abu ɗaya nake roƙo don Allah: kada ka mayar da kafet ɗin ka sayar wa wani a haka. Idan gyaran ya fi ƙarfinka, ka faɗa wa mai saye gaskiya ka nuna masa wurin, ko ka sayar da ita ga masu kwance motoci su cire kayan da ke da amfani.