Telnet, RDP, VNC ko OpenSSH: Ta Wace Ƙofa Za Ka Riƙa Shiga Sabarka?

Duk wanda aka damƙa wa sabar, wato kwamfutar da ke yi wa sauran na'urori hidima ta kan layi, abin da zai fara yanke wa shawara shi ne hanyar da zai riƙa shiga cikinta daga nesa. Ni dai OpenSSH na zaɓa, ba na ɓoyewa. Bari mu fara sallamar sauran.

Telnet tun 1969 yake, kuma a tsirara yake aika kalmar sirrinka, duk wanda ya kasa kunne a kan layi zai karanta. Ta ƙofarsa ta 23, wato lambar da ake haɗuwa da shi ta kanta, muguwar manhajar Mirai ta mamaye dubban ɗaruruwan na'urori a 2016, da kalmomin sirri na masana'anta kusan 60 kacal. Da shi da tsofaffin takwarorinsa rlogin da rsh jirgi ɗaya ya kwaso su. VNC na asali, mai nuna maka allon kwamfuta daga nesa, ba ya duba abin da ya wuce haruffa 8 na kalmar sirri. RDP, mai irin wannan aikin, na da amfani ga mai Windows, amma wanda ya ga ramin tsaro na BlueKeep a 2019 ba zai bar ƙofa ta 3389 a wangale ba, sai dai a bayan VPN, wato keɓaɓɓiyar rufaffiyar hanya. Dropbear kuwa ƙaramar manhajar SSH ce ta ƙananan na'urori, can ya dace.

SSH daga wahala aka haife shi. A 1995 aka saci kalmomin sirri a kan layin wata jami'a a Helsinki ta ƙasar Finland, sai Tatu Ylönen ya rubuta hanyar da ke rufe duk abin da ke tsakanin kwamfuta biyu. Mutanen tsarin kwamfuta na OpenBSD suka fitar da nasu SSH ɗin, wato OpenSSH, a 1999. Abin da ya sa nake ƙaunarsa shi ne ba sa jin nauyin zubar da abin da ya ruɓe. Tsohon tsarin SSH-1 sun cire shi gaba ɗaya a siga ta 7.6 a 2017. Sa hannun RSA mai dogaro da SHA-1 sun kashe shi a 8.8. A gefe guda sun kawo makullin Ed25519 a 6.5, sannan makullin FIDO, wanda 'yar na'ura ce ta hannu, a 8.2. Ka ƙirƙiri makulli, ka rufe shiga da kalmar sirri, ka hana root, wato asusun da ke da cikakken iko, shiga kai tsaye, masu ƙwanƙwasa ƙofar SSH ta 22 dare da rana su yi ta yi.

Inda na ƙone shi ne lambar siga. Wata manhajar bincike ta ce min OpenSSH ɗina ya tsufa, sai na sauko da sabo na harhaɗa shi da hannuna. Daga ranar ya fita daga tsarin sabuntawa na sabar, ya yi fiye da shekara ba faci ko ɗaya, ni kuwa hankalina kwance. Har yau abin na damuna. Masu Linux irin su Debian da Ubuntu da Red Hat suna ɗinka faci a jikin tsohuwar siga ba tare da lambar ta canza ba, Ubuntu 22.04 na ɗauke da 8.9p1, kuma a haka take samun gyara. Sabo ma ba shi ne tsira ba. Ramin regreSSHion da kamfanin tsaro na Qualys ya bayyana a Yulin 2024 ya shafi 8.5p1 zuwa 9.7p1, alhali kuskure ne da aka toshe tun 2006 ya sake dawowa. Saboda haka abin tambaya shi ne: wa ke ɗinka min faci, kuma har yaushe zai ci gaba?

Sai maganar jabu, wadda ta fi komai tayar min da hankali. Kada ka taɓa sauke PuTTY ko WinSCP, manhajojin haɗuwa da sabar ta SSH daga Windows, daga tallar da ke saman sakamakon bincike. An sha kama gurɓatattun kwafi a irin waɗannan tallace-tallace: suna buɗewa, suna aiki lafiya lau, a ƙarƙashi kuma suna buɗe wa ɓarawo hanya. Ka duba adireshin shafin harafi bayan harafi, ka gwada sa hannun fayil ɗin. Ko PuTTY na gaskiyar ma, idan bai kai siga ta 0.81 ba kuma ka yi amfani da makullin P-521, ka sauya makullin. Windows 10 da 11 suna da OpenSSH a cikinsu, sau da yawa ba ka ma bukatar sauke komai.

Kura da fatar akuya har cikin gida tana shiga. A Maris 2024 Andres Freund ya lura shigarsa ta SSH na jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya bi sawu har ya gano ƙofar sirri a manhajar matse fayil ta xz, siga ta 5.6.0 da 5.6.1, wadda wani mai kiran kansa Jia Tan ya dasa bayan ya shafe shekaru yana neman yarda. Ta kai sigogin gwaji na Debian da Fedora, ba ta kai tabbatattun ba. Wannan ya sa ba na ɗora sabar aiki a kan sigar gwaji.

Kuma ranar da SSH ya yi maka gargaɗin cewa makullin sabar ya canza, kada ka goge layinsa a known_hosts, fayil ɗin da ke ajiye makullan sabobin da ka sani, ka wuce. Wataƙila wani ne ya tsaya a tsakani yana kwaikwayon sabarka. Ka shiga ta allon kamfanin da ke riƙe da ita, ka fitar da zanen yatsan makullin da ssh-keygen -lf, ka gwada shi da wanda gargaɗin ya nuna tukuna.