Injin ya burge ni, batirin da aka haɗa mini ne ya ci amanata

Duk wanda ya tambaye ni ko ya mayar da tsohon babur ɗinsa na fetur ya zama na lantarki, nakan ce masa bismillah, aiki ne mai kyau. Tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 roba-robata take jingine a zaure, sai wani mai haɗa irin waɗannan baburan a nan Kano ya ce zai cire injin fetur da tanki da salansa, ya sa mini tayar baya mai inji a cikinta, mai ƙarfin wat 3000, da kontirola, wato na'urar da ke sarrafa wutar da ke zuwa injin, da batir mai bolt 72. Aikin walda da waya ya yi shi tsaf, wannan ba zan tauye masa ba. Babur ba ƙara, ba hayaƙi, ba juyen baƙin mai, ba sarƙa balle ta tsinke. Kana murɗa totur yake zabura, har sai da na koyi sassauta hannu a cikin lungu saboda yara ba sa jin tahowata.

Rajista ma, wadda na fi fargaba, ba ta ba ni wahala ba. Lambar shasi tana nan yadda take a tsofaffin takardu. Inda aka tsaya shi ne gurbin lambar inji, tunda injin da ke rubuce yana can a buhu a gida. Na kai rasit ɗin kayan da aka sa, aka duba lambar da ke jikin sabuwar tayar, aka gwada fitila da sigina da ham da birki, na sabunta inshora, aka sallame ni. Shawarata kawai, kada ka bari mai walda ya yanke ko ya shafe inda lambar shasi take, don in ta tafi ba ka da abin nunawa a hanya.

To, batiri.

A jikin akwatin an manna takarda mai cewa 40Ah, wato yawan cajin da batirin ke ɗauka, shi kuma ya rantse mini sababbin ƙwayoyin batiri ne fil a ciki, zan yi kilomita 80 kafin na nemi caji. "Alhaji, ka je Wudil ka dawo, in ya mutu ka zo ka karɓi kuɗinka." Haka ya faɗa a gaban yaransa. A makonnin farko zirga-zirgata ba ta wuce gida zuwa shago, ban ga komai ba. Ranar da na yi doguwar tafiya cikin gari da zafin Afrilu, ina tsakiyar hawan gadar Ƙofar Nasarawa, allo yana nuna mini saura rabi, babur ya ɗauke ɗif. Fitila ta mutu, totur ya zama hoto. Masu adaidaita suna ta danna mini ham ta baya, wani yana cewa "Malam, a zuba masa mai mana!" Haka na tura shi har na sauka gadar, gumi ya jiƙa mini riga sharkaf. Bayan ɗan lokaci na kunna ya tashi kamar ba abin da ya faru, na ƙara tafiya kaɗan ya sake ɗaukewa.

Na koma wurinsa, ya ce nauyina ne. Na sake komawa, ya ce wutar da nake caji da ita ce ba ta da kyau. Daga nan na kai wa wani mai aikin sola, shi ne ya tambaye ni awa nawa yake ɗauka kafin ya cika. Na ce bai kai uku ba, har ina alfahari da hakan. Ya yi dariya ya ce cajar amp 5 ce, batir mai 40Ah kuwa sai ya sha awa takwas ko fiye. Wato abin da ke cikin akwatin bai kai 15Ah ba. Da ya kwance, sai ga ƙwayoyi 18650 kala-kala, shuɗi da kore da ruwan hoda, wasu da tabon tsohuwar walda a kansu, irin waɗanda ake ɓarowa daga matattun batiran laftof. Guda 200 ne, jeri 20, kowane jeri goma. Ko da sababbi ne masu 2500mAh, wato 2.5Ah kowace, lissafin 25Ah zai bayar. Ashe ƙaryar tun daga takardar da aka manna ta fara. Ya auna jeri-jeri, biyu daga ciki suna zubewa da zarar an ja wuta da ƙarfi, shi ya sa allon da ke tsaron batirin, wanda suke kira BMS, yake yanke komai a kan tudu alhali sauran jerin suna da caji. Da ma BMS ɗin bai yanke ba, in ji shi, da zafi ƙwayoyin za su yi ta ɗauka a ƙarƙashin kujerata. Wannan maganar ce ta fi tayar mini da hankali, domin a cikin ɗaki nake cajinsa da dare, yara suna kwance.

Mai solar ya haɗa mini wani da sababbin ƙwayoyi iri ɗaya, a gabana aka buɗe kwalinsu. Yanzu in ya cika yana nuna bolt 84, kuma hawan gada ba ya girgiza shi. Ka'idojin da ya kafa mini nake bi: ba na jona caji da zarar na dawo sai akwatin ya huce, ba na ajiye babur a rana tsaka, ba na bari ya ƙare ƙarƙaf, yawanci ina cirewa kafin ya cika sai jefi-jefi nake barinsa ya cika don jerin su daidaita. In zan yi tafiya in bar shi, a rabi nake barinsa. Caji kuma a tsakar gida, kan siminti, ido biyu, ta bayan sitabilaiza saboda yadda wuta ke dawowa da ƙarfi. Da damina na sa an naɗe mahaɗar wayoyin kontirola, don ruwan kwata ba ya wasa.

Na so in ce aikin mutumin ya ci rabin maki saboda injin da walda. Amma da na tuna batiri shi ne ya cinye fiye da rabin kuɗin, kuma sau biyu na biya shi, sai na ga rabin ma ya yi masa yawa. Tsohon akwatin yana shagonsa har yanzu, wai zai mayar wa wanda ya kawo masa. Kuɗin da ya ce in zo in karɓa kuwa, kullum na kira sai yaronsa ya ɗauka ya ce Oga ya fita sallah.