Jirgin ƙasa a tsakar gidana: yadda na same shi bayan an mai da shi na batir

Wata goma sha huɗu ke nan da aka raba jirgina da wutar dogo aka ɗora shi a kan batir. Ya ga hunturu biyu, ya ga bazara, ya ga damina. Yanzu ina jin na isa in faɗi abin da na gani game da aikin, da kuma dattijon da ya yi shi.

Wanda bai san irinsa ba zai ɗauka jirgin robar nan ne da ake saya wa yara da salla. Ba shi ba ne. Nawa ƙirar LGB ne ta Jamus, kan jirgin da ake kira Stainz, mai ƙafa huɗu da dogon bututun hayaƙi, da taragai biyu. A 1968 aka fara fitar da wannan girman a Nuremberg, kuma tun 2007 sunan yana hannun kamfanin Märklin. Tsakanin ƙarafan dogon milimita 45 ne, an kuma rage komai sau 22.5. In ka buga lissafin za ka ga kwaikwayon dogo ne mai faɗin mita ɗaya, irin wanda ya tashi daga Kwatano ya tsaya Paraku a ƙasar Benin. Kan jirgin sai da hannu biyu ake ɗaukarsa. Na tsince shi ne wajen wani mai kayan gwanjo kusa da kasuwar Dole, cikin kwali, tare da dutsen guga da tsofaffin fankoki.

Ina koyar da kimiyya a kwaleji, kuma yawancin ɗalibaina ba su taɓa ganin jirgin ƙasa da idonsu ba. Dogon Yamai zuwa Dosso da aka buɗe a 2016 ba ya jigilar mutane, na Kano zuwa Maradi har yanzu aiki ake, Kano kuwa da dogo ya isa tun 1911 ba kowane yaro ake kaiwa ba. Shi ya sa ban taɓa ɗaukar wannan jirgi abin wasa ba.

Yadda aka ƙera shi, taransifoma ce ke ba ƙarafan dogon wuta, ƙafafun jirgin da wasu ƴan takalman ƙarfe biyu da ke gogar dogon su ɗauko ta su kai wa inji. A lambun Turai mai ciyawa da danshi wannan tsari yana tafiya daidai. A Damagaram kuwa ƙura ce sarki. Da hunturu sai in goge dogon tas da hantsi, kafin la'asar jirgin ya fara tafiya yana tuntuɓe, ya yi gaba kaɗan ya tsaya, fitilarsa tana ƙyaftawa. In kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, shi ke nan, yara sun zauna suna kallon ƙarfe.

Kurakurai biyu na yi da hannuna, kuma ina faɗar su don kada wani ya maimaita. Na goge dogon da samfefa. Ranar farko tagullar ta yi ƙyalli, amma ƙananan zanen da samfefar ta bari su suka zama maɓoyar datti, abin ya ƙara lalacewa. Na biyu ya fi muni: da na ji inji yana ƙara, na tsiyaya masa man mota a giya. Mai ya haɗu da rairayi ya zama kamar dutsen wasa wuƙa, ya cinye haƙoran giyar roba. Ranar da na ji inji yana juyawa ƙafafu ba su motsi, raina ya ɓaci ƙwarai.

Wani abokin aiki ne ya nuna mini rumfar dattijon a Zango. Rediyo da fanka da injin aski yake gyarawa, bai taɓa taɓa jirgi ba, kuma bai ɓoye mini hakan ba. Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne yadda ya karɓi kayan. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, ya naɗe tsumma ya kifa kan jirgin a kai don kada bututun ya karye, ya jawo murfin gwangwani huɗu, kowane sukuru da ya kwance yana da murfinsa bisa jerin yadda ya fito. Kafin ya ɗaga murfin giya sai da ya ɗauki alli ya yi wa ƙafafun huɗu alama. Na tambaye shi dalili. Ya ce sandunan da suka haɗa ƙafar gaba da ta baya sun nuna masa cewa tare suke juyawa, in aka mayar da su da saɓanin haƙori ɗaya za su riƙa cijewa. Daga baya na karanta cewa wannan kuskuren shi ke kashe giyar irin waɗannan jirage a hannun masu gyaran gida. Shi da ido kawai ya gano.

Da ya buɗe, ya lakato baƙin abin da ɗan yatsa, ya murza, ya miƙo mini in ji rairayin.

"Mushe," ya ce, yadda ake kiran malamin makaranta a nan, "wa ya zuba masa mai haka?"

"Ni ne, Baba."

"To, wannan ba injin niƙa ba ne. Ɗan giris kamar ƙwayar gero ya ishe shi watanni."

Giya sabuwa da robar da ke zagaye ƙafa ɗaya don riƙe dogo, wadda zafi ya busar ta tsattsage, ɗan'uwana da ke Faransa ya aiko mini, tare da giris ɗin da ba ya cin roba. Mako bakwai na jira, kuma kuɗin aikowa ya fi kuɗin kayan. Duk mai sha'awar wannan harka a nan ya san da haka tun farko, ya haɗa buƙatunsa ya yi oda sau ɗaya.

Shawarar batir tawa ce, aikin nasa ne. Ya cire takalman ƙarfen biyu, ya cire ƴan gawayin da ke dannar bayan ƙafafu, waɗanda masu gyara ke kira sharbon, ya raba inji da dogo gaba ɗaya. Sai ya ɗauko na'urar awon wuta ya bi ƙafa ɗaya bayan ɗaya yana tabbatar da cewa babu wadda ke da sauran haɗi da inji. Nan ne na ga bambancin mai sana'a da mai kame-kame. In aka bar haɗin, wutar batir za ta koma cikin dogo, kuma cokali ko ƙusa guda da yaro ya yar a kan ƙarafan biyu ta isa ta ƙona waya, ko ta jawo abin da ya fi haka.

Kan Stainz ƙarami ne, babu wurin batir a cikinsa, don haka tarago na farko ya zama ɗakin wuta. Batir huɗu ne samfurin 18650, irin na cikin kwamfutar hannu, a jere, suna ba da bolt 14.8, in sun cika 16.8. Akwai ɗan allon da ke tsare su daga cika fiye da kima ko ƙarewa ƙarƙaf, akwai fis, akwai makunni a ƙarƙashin taragon, sai na'urar da ke karɓar umarnin rimot. Baba ya so ya ciro batir daga tsofaffin kwamfutoci don ya rage mini kashe kuɗi. Na ƙi, na sayi sababbi. Abin da yara za su kewaye ba wurin tsimi ba ne.

Na'urar rimot ta farko daga wani mai sayarwa a intanet na same ta, mai araha. Abin da aka rubuta a tallarta ba shi ne a cikinta ba. Ta riƙa ɗaukar zafi, kwana shida ta mutu da warin ƙonanniyar roba. Fis ɗin da Baba ya dage sai an sa shi ya tsare sauran kayan. Ta biyu ta ninka ta a kuɗi, kuma ita ce har yau.

Ranar gwaji da gangan ban goge dogon ba. Ƙurar kwana uku tana kai. Na murza rimot kaɗan, jirgin ya motsa a hankali kamar mai sanɗa, sandunan ƙafafunsa suna hawa suna sauka, ya zagaye tsakar gida bai tsaya ko sau ɗaya ba. Wannan tafiyar ta sannu ban taɓa samun ta da wutar dogo ba. Caji ɗaya yana kai ni wajen awa uku da taragai biyu. Gudunsa na ƙarshe ya ɗan ragu a kan na da, ni kuwa hakan ya fi mini, domin a kwana mai lanƙwasar santimita 60 gudu ba ya jawo komai sai faɗuwa.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba. Baba ya ce mako ɗaya, ya yi uku, kuma sau biyu na je na tarar da jirgin a rufe da ƙyalle yana fama da fankokin mutane. Wayar da ya fara haɗa kan jirgi da tarago ta yi kauri, a kowace kwana sai ta ture taragon daga dogo. Na mayar masa, ya canza ta da mai laushi, bai karɓi ko dala ba. Bai kuma rubuta komai ba, duk tsarin wayoyin yana kansa. Sai da na zauna da shi da takarda muka zana, ja ina ta nufa, baƙa ina ta fito, na liƙa zanen a cikin murfin kwalin. Na'urar ma tana ɗan kuka siriri in jirgin yana tafiya a hankali, kuma taragon batir ya zama dole, ba a fita sai da shi.

Batir ya magance matsalar wuta, bai magance rairayi ba. Bayan kowace tafiya ina kifa kan jirgin in share ƙarƙashinsa da busasshen buroshin fenti, kuma ba ya kwana a waje. Da bazara, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, taragon batir ba ya zama a rana ko na minti goma in ba tafiya yake ba, caji kuma a inuwa, a kan siminti, ina kusa. Dogon kansa ya koya mini darasi a watan Afrilu. Na matse mahaɗansa ƙam da sanyin hunturu, zafi ya zo ya tanƙware shi a kwana. Tagulla mai tsawon mita 10 tana ƙaruwa da kusan milimita 6 in zafinta ya hau da digiri 30, abin da nake koyarwa a allo kowace shekara. Yanzu ina barin ɗan tsaga a kowace mahaɗa, kamar kaurin farce.

Wanda jirginsa ke cikin ɗaki a kan tebur, dogonsa gajere, bai da buƙatar wannan aiki, ya bar shi yadda aka ƙera shi. Wanda kuwa ya shimfiɗa dogo a tsakar gida a ƙasar nan, ina ba shi shawara ya yi, ya kuma nemi mai gyara irin Baba, wanda zai yi alama da alli kafin ya kwance. Na ajiye takalman ƙarfen da gawayin a cikin ambulan, ko wata rana wani zai so mayar da jirgin yadda yake.

Makon jiya na kai shi kwaleji. Muka shimfiɗa dogo mita 12 a ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, a kan ƙasa, ba kuran ba waya. Wani yaro ya riƙe agogo, zagaye ɗaya ya ɗauki daƙiƙa 40. Na ce su gaya mini gudun jirgin gaske da wannan ke kwaikwayo. Wata yarinya da ba ta cika magana a aji ba ta duƙa ta yi lissafinta a kan rairayi da tsinke, ta ɗago ta ce, "Mushe, kilomita 24 da ɗan ɗori a awa." Na miƙa mata rimot ɗin, ita ta ja jirgin har aka buga ƙararrawa.

Fitilar gaba ce kaɗai ba a haɗa da batir ba tukuna. Asabar mai zuwa zan kai wa Baba, da zanen wayoyin a aljihuna.